Waiwaye: Daga Ɓatan Franklin a 1845 Zuwa Finafinan Tekun Ƙanƙara

Duk wanda ya kalli The Terror, shirin talabijin mai kashi goma da tashar AMC ta Amurka ta nuna a 2018 a kan tafiyar Sa John Franklin ta 1845, ya san tun kashin farko cewa mutanen jirgin ba za su koma gida ba. Wannan baƙin cikin ba ƙirƙirar marubuta ba ne. Shaidu ne da aka yi ta tsintowa a arewacin Kanada tsawon shekara 170 suka mayar da labarin jarumta ya koma labarin yunwa da ciwo.

Ranar 19 ga Mayu 1845 Sa John Franklin ya bar Ingila da jiragen ruwa biyu, Erebus da Terror, don neman hanyar da za ta ratsa tsibiran arewacin Kanada ta ɓulle tekun Fasifik. Mutum 129 suka shiga ƙanƙarar, da guzurin shekara uku. An ƙarfafa goshin jiragen da faifan ƙarfe, aka dasa musu injin jirgin ƙasa, sai dai kwal ɗin da suka ɗauka bai wuce na tafiyar kwana goma sha biyu ba. Sun yi hunturun farko a tsibirin Beechey, inda suka binne mutum uku. Ranar 12 ga Satumba 1846 ƙanƙara ta datse su a arewa maso yammacin tsibirin King William, daidai inda tsohuwar ƙanƙara mai kauri ke gangarowa daga arewa ta cunkushe. Taswirarsu ta nuna gabashin tsibirin a toshe yake, alhali nan ne mafita: ta nan Roald Amundsen ɗan ƙasar Norway ya bi da ƙaramin jirgi da mutum shida tsakanin 1903 da 1906.

Takarda guda da aka tsinta a 1859 ƙarƙashin tulin duwatsu ita ta ba da sauran kwanakin. Franklin ya rasu ranar 11 ga Yuni 1847. An bar jiragen ranar 22 ga Afrilu 1848, mutum 105 da suka rage suka nufi kudu a ƙafa ƙarƙashin Francis Crozier, kyaftin ɗin Terror. Wani kwalekwale da aka samu ɗaure a kan katakon ja, shi da katakon sun haura kilo 600, kuma cikinsa har da sabulu da littattafai da cakulan. Marasa lafiya ne ke jan wannan kaya.

Me ya raunana su? Na farko ƙarancin bitamin C. Ruwan lemun tsamin da ake raba wa ma'aikatan jirgi yana rasa ƙarfinsa in ya daɗe a ajiye, kuma wata biyu zuwa uku babu sinadarin sun isa dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin raunuka su sake buɗewa. Na biyu abincin gwangwani, kimanin 8,000, wanda aka ba Stephen Goldner kwangilarsa saura mako bakwai a tashi, aka liƙe bakinsa da dalma cikin gaggawa. Da masanin kimiyya Owen Beattie ya tono gawarwakin Beechey a 1984 da 1986 ya sami dalma da yawa a jikinsu, sai bayanin gubar dalma ya yi farin jini. Binciken baya ya rage masa nauyi, domin Turawan Ingila na wancan zamani da dalmarsu suke yawo tun daga gida. Masu shirya fim dai ba su saki gwangwanin ba, saboda ya fi ƙarancin bitamin sauƙin nunawa a kyamara.

Batun cin naman mutum kuwa John Rae, wani likita mai binciken yankin, shi ne ya kawo shi a 1854 daga bakin mutanen Inuit, 'yan asalin arewacin Kanada. Ingila ta ƙi ji, marubuci Charles Dickens ma ya yi rubutu yana ƙaryata su. A shekarun 1990 aka ga sawun wuƙa a ƙasusuwan da aka tsinta a King William, a 2024 kuma gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa wani muƙamuƙi mai irin wannan yanka na James Fitzjames ne, kyaftin ɗin Erebus. Bayanan Inuit ɗin ne suka taimaka aka gano Erebus a 2014 da Terror a 2016. Dodon da ke farautar mutane a shirin, shi kam, ƙari ne daga littafin Dan Simmons na 2007.

The North Water, wani shirin talabijin na 2021, ya bi wata hanya. Kashi biyar ne, labarin ƙirƙira na jirgin farautar kifin wel da ya tashi daga Hull a 1859, lokacin da sana'ar ke mutuwa, mai jirgin kuma ya shirya nutsar da shi don karɓar kuɗin inshora. The Terror a ɗakin ɗaukar fim na Budapest da tsibirin Pag na Kuroshiya aka yi shi, ƙanƙararsa yawanci aikin kwamfuta ce. Andrew Haigh, daraktan The North Water, kuwa ya kwashi 'yan wasansa a jirgi zuwa arewacin tsibiran Svalbard na Norway, har mataki na 81 na arewa, suka ɗauki fim a kan ƙanƙarar teku ta gaske.