Wai me ake nufi da aisoma a kemistirin ƙarafa?

Jiya da daddare ƙanina da ke karanta kemistiri a BUK ya same ni a ƙofar gida yana ta mita, wai yaya za a yi abu biyu su zama fomula ɗaya sak amma ɗaya kore ɗaya shuni-shuni. Na ce masa rubuta "gari", ya rubuta, na ce rubuta "riga". Harufa huɗun nan ne dai ba a ƙara ba a rage ba, wurin zama kawai suka sauya. To aisoma ke nan. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta kashi iri ɗaya, kuma Berzelius ɗan Suwidin ne ya raɗa ta a 1830. Atam, wato ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su yi sinadari, iri ɗaya, adadi ɗaya, jeri daban.

A wajen ƙarafa irin su kobal, filatinam da kuromiyam abin ya fi daɗi, don su ƙarfen zama yake a tsakiya, wasu ƙananan sinadarai kamar amoniya ko ruwa ko kulorin su kewaye shi kowa ya miƙa masa ilaktaron, wato 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke kewaye atam, guda biyu ya riƙe. Su ake kira ligan. Ɗauki tiren abinci a tsakar gida mutum huɗu sun kewaye shi, yara biyu manya biyu. Ko dai yaran su zauna kafaɗa da kafaɗa, wannan shi ne sis, ko su zauna suna fuskantar juna tire a tsakaninsu, wannan tirans. Shi ke nan fa, duk tsoron da ɗalibai ke ji.

Wanda ya gano wannan zaman shi ne Alfred Werner, a Zurik ta ƙasar Siwizalan, 1893, lokacin bai kai shekara talatin ba, kuma ni abin da ke burge ni shi ne babu wata na'ura a lokacin da za ta nuna masa atam, lissafi kawai ya yi. Kobal mai amoniya huɗu da kulorin biyu a jikinsa, wato ligan shida. Ya ce in a shimfiɗe suke zagaye kamar mutane a kan tabarma, ya kamata a samu zama iri uku. In kuwa huɗu ne a gefe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, iri biyu kacal za a samu. Biyun aka samu, koren shi ne tirans, mai launin shuni shi ne sis. A 1913 aka ba shi kyautar Nobel, kuma wallahi ya ci ta.

To me ya kawo bambancin launin? Nan ne ka'idar yadda ƙarfe ke haɗuwa da ligan ta shigo, wadda Hans Bethe ya aza harsashinta a 1929. Ƙarfen yana da ɗakuna biyar da ilaktaron ɗinsa ke zama, ana ce musu ɗakunan d, kuma in shi kaɗai ne duk matakinsu ɗaya. Da ligan shida sun matso sai su rabu, uku su yi ƙasa biyu su yi sama kamar bene, shi kuma ilaktaron in zai hau sama sai ya sha wani ɓangare na haske, ragowar da bai sha ba shi ne launin da idonka ke gani. Sauya ligan ko sauya musu wurin zama, tsayin benen ya sauya, launi ya sauya. Ko rinin Ƙofar Mata ka tuna kada ka haɗa su, shi baba ba ƙarfe a tsakiyarsa, nasa labarin daban ne.

Ƙanin nawa ya ce to launi kawai? Na ce ina. Akwai maganin ciwon daji, wato kansa, da ake kira sisfilatin, filatinam a tsakiya, amoniya biyu kulorin biyu, irin tiren can namu sak. Tun wajen 1845 aka san sinadarin ba wanda ya san amfaninsa, sai a 1965 Barnett Rosenberg a Amurka ya lura ƙwayoyin bakteriya sun daina rabuwa suna ta tsawo kawai a ruwan da ya sa wayoyin filatinam a ciki, daga nan aka bi diddigi har aka amince da shi a matsayin magani a 1978, ana ba masu kansar maraina da ta ƙwan mace da ta mafitsara. Yadda yake aiki, in ya shiga ƙwayar halitta kulorin biyun sai su tashi, da yake kusa da juna suke sai filatinam ya cafke wurare biyu maƙwabta a jikin DNA, wato zaren gadon da ke cikin ƙwayar, ya lanƙwasa shi, ƙwayar ta kasa rabuwa ta mutu. Ɗan'uwansa tiransfilatin fomularsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, amma hannayensa gabas da yamma suke, ba ya iya wannan kamun, ba a yin maganin da shi.

Sauran ire-iren ba sai na ja ba. Wani ligan kamar naitirait baki biyu gare shi, in ya kama kobal ta naitirojin ka ga ruwan ɗorawa, in ta iskar oksijin ka ga ja. Wani kuma musanya ce, ruwa ya shiga ciki kulorin ya fito waje, shi ya sa gishirin kuromiyam guda yake zuwa da shuni yake zuwa da kore.

Na ƙarshen shi ne na dama da hagu, wanda ɗaya hoton ɗaya ne a madubi amma ba sa hawa kan juna, Werner ya raba su a 1911. Duk wanda ya taɓa fitowa daga masallacin Juma'a ya tarar an bar masa silifas ƙafar hagu biyu ya san wannan ba sai an zana masa a allo ba.