Waiwaye: Yadda rikicin 2021 zuwa 2024 ya taɓa sunan Senegal a idon duniya

Shekara da shekaru, in ana neman abin misali na dimokuraɗiyya a Afirka ta Yamma, Senegal ake nunawa. Tun samun 'yancin kai a 1960 soja bai taɓa kifar da gwamnati a can ba, kuma sau biyu shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki: Abdou Diouf a 2000, Abdoulaye Wade a 2012. Wannan suna jari ne. Da shi dakarun Senegal suka shige gaba cikin Gambiya a Janairun 2017 don tilasta wa Yahya Jammeh sauka, ba wanda ya ce musu laifi tudu ne.

Tsagewar ta soma ne kafin a fita kan titi. Hana 'yan adawa Khalifa Sall da Karim Wade takara a zaɓen 2019 ya sa ƙungiyar Freedom House, mai auna 'yanci a ƙasashen duniya, ta sauke ƙasar daga sahun masu cikakken 'yanci a rahotonta na 2020. Sai kama jagoran adawa Ousmane Sonko a Maris ɗin 2021, da tarzomar da ta biyo baya. Ranar 1 ga Yunin 2023 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu, Dakar da Ziguinchor suka sake kamawa da wuta, aƙalla mutum 16 suka mutu a lissafin gwamnati da kanta.

Ƙona taya da jifan 'yan sanda ba su ne suka fi ɓata sunan ba, don an ga irinsu a Faransa ma. Abin da jakadu da masu auna ƙasashe ke rubutawa shi ne martanin hukuma: katse intanet na wayar hannu, toshe TikTok, rufe tashar Walf TV, rusa jam'iyyar PASTEF ta Sonko ranar 31 ga Yulin 2023. Kowanne yana da gurbin maki a ma'auninsu. A jadawalin 'yancin 'yan jarida na ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF, Senegal ta zame daga matsayi na 73 a 2022 zuwa na 104 a 2023.

Ƙarshen tika-tika shi ne 3 ga Fabrairun 2024, ranar da Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga watan, ana sa'o'i kaɗan a buɗe yaƙin neman zaɓe. Bayan kwana biyu jandarmomi suka shiga zauren majalisa suka fitar da 'yan adawa, sannan aka kaɗa ƙuri'ar mayar da zaɓen 15 ga Disamba. Hoton nan ya zaga duniya. Amurka ta ce ƙuri'ar ba halastacciya ba ce, farashin takardun bashin Senegal ya faɗi a kasuwannin waje. Lokacin ma ya yi muni: kwana shida kacal da Nijar, Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS. Ga shi Senegal ce a Agustan 2023 ta ce za ta ba da sojoji in za a afka wa Nijar don maido da Bazoum. Masu goyon bayan sojoji a Yamai suka samu abin gori, ita kuwa ECOWAS ta rasa bakin tsawatarwa, sai sanarwa mai laushi.

Alƙalan cikin gida ne suka ceto lamarin. Ranar 15 ga Fabrairu Kotun Tsarin Mulki ta soke ɗagewar, Sall ya bi hukuncin. Aka yi zaɓe 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye, ɗan takarar ɓangaren Sonko, wanda kwana goma kafin nan yana gidan yari, ya ci da kashi 54 cikin ɗari a zagayen farko. A rahoton 2025 Freedom House ta maido da ƙasar sahun masu cikakken 'yanci.

Sai dai dokar afuwar da ta buɗe wa Faye da Sonko ƙofar kurkuku ita ce kuma ta lulluɓe jami'an tsaron da ake zargi da harbin masu zanga-zanga. Amnesty International ta ƙirga fiye da mutum 60 da aka kashe tsakanin 2021 da 2024.