Hikayoyin Nos a littattafan yara: me kalmar take nufi?

A shagunan littattafan Turanci akwai wani rukuni na labaran yara da ake yi wa tambari da kalmomin "Norse mythology". A bango za ka ga yaro riƙe da guduma, ko ƙaton kyarkeci, ko wata bishiya da rassanta suka tokari sama. Da Hausa sai mu ce hikayoyin Nos. Nos ba sunan ƙasa ba ne, sunan tsohon harshe ne da mutanen da suka yi magana da shi a Norwe da Denmak da Suwidin da tsibirin Aislan. Su ne ake kira Baikin (Vikings da Turanci), kuma ana ƙirga zamaninsu daga harin da suka kai gidan ibadar Lindisfarne a Ingila a 793 zuwa wajen 1066.

An ce hikaya maimakon tatsuniya saboda dalili. Tatsuniya kowa ya san ƙirƙira ce tun daga "ga ta nan ga ta nanku". Waɗannan kuwa a da addini ne, mutane sun bauta wa Odin da Tor, sun yi musu yanka. Har yau sunayensu na cikin ranakun makon Turanci: Talata ta Tir ce, Laraba ta Odin, Alhamis ta Tor, Juma'a ta Frigg. Marubucin littafin yara na yanzu a matsayin kayan almara yake ɗaukar su, ya gina sabon labarin kasada ga masu shekara 8 zuwa 12.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ƙarancin asalin kayan. Kusan duk abin da aka sani ya fito ne daga littattafai biyu na Aislan, dukansu ana kiransu Edda. Na farko Snorri Sturluson ne ya rubuta shi wajen 1220, fiye da shekara 200 bayan Aislan ta karɓi Kiristanci a wajen shekara ta 1000. Snorri Kirista ne, kuma littafin jagora ya yi wa mawaƙa don kada su manta da tsofaffin zaurance na waƙa; a gabatarwarsa ma cewa ya yi allolin nan mutane ne da suka taso daga birnin Troy. Na biyu tarin tsofaffin waƙoƙi ne a wani kundin fata da aka rubuta wajen 1270. Ya faɗa hannun wani bishop a 1643, aka kai shi Denmak, sai a 1971 aka mayar da shi Aislan. Ganye 45 ya rage a ciki, takwas sun ɓata daga tsakiya.

Wannan giɓi shi ne gonar marubuta. Ɗauki maganar duniyoyi tara. Waƙoƙin sun ce tara ne, amma babu inda suka jera su ɗaya bayan ɗaya. Jerin da ake gani a taswirar farkon littattafai haɗawar mutanen baya ce, shi ya sa littafi biyu ba sa cika yin daidai. Waɗanda ba a jayayya a kansu su ne Asgad, mazaunin alloli, da Midgad, duniyar mutane, da Yotunhaim ta ƙatti, da Hel ta matattu. Abin da ya riƙe su duka ita ce bishiyar Yigdrasil mai saiwa uku. A ƙololuwarta akwai gaggafa, a gindinta wani maciji mai suna Nidhog yana gaigayar saiwa, kurege Ratatosk kuma yana hawa da sauka yana kai musu zagin juna. Mai rubutu don yara ba ya wuce wannan kurege, domin ɗan tsegumi mai sanin kowace hanya shi ne jagoran da kowane labarin tafiya yake nema. Tsakanin Asgad da Midgad akwai gadar Bifrost, wato bakan gizo, Heimdal na gadinta.

Bayan taswira sai kayan sihiri, kuma a nan ne hikayoyin Nos suka bambanta da na sauran al'ummu. Komai da farashinsa, kusan komai kuma da aibinsa. Odin ya ba da ido ɗaya kafin ya sha daga rijiyar hikima ta Mimir. Tir ya rasa hannu a bakin kyarkeci Fenrir, domin dabbar ta ƙi yarda a ɗaure ta sai an sa hannu a bakinta jingina. Igiyar da aka ɗaure ta da ita wadanni maƙera ne suka yi ta daga abu shida: ƙarar takun kyanwa, gemun mace, saiwar dutse, jijiyar beyar, numfashin kifi da miyaun tsuntsu. Ita kanta gudumar Tor, Miyolnir, ƙotarta gajeruwa ce, saboda ƙuda ya ciji fatar idon mai zuga wutar maƙera har jini ya rufe masa ido, ya saki zugazugi na ɗan lokaci. Frey, ɗaya daga cikin alloli, ya ba da takobinsa don ya auri Gerd, 'yar ƙatti, ranar yaƙin ƙarshe kuma ya rasa abin kare kai. Littafin da ya miƙa wa yaro takobin sihiri kyauta, ba biya ba aibi, ya ari sunayen Nos ne kawai.

Abu na uku shi ne wa'adi. Allolin Nos suna tsufa in ba su ci tuffar allahiya Idun ba, suna mutuwa, kuma sun san ranar. Sunanta Ragnarok. Za a yi hunturu uku a jere babu bazara, Heimdal ya busa ƙaho, Fenrir ya haɗiye Odin, Tor ya kashe macijin da ya zagaye duniya sannan ya yi taku tara ya faɗi saboda dafi, ƙaton wuta Surt ya cinna wa duniya wuta. Ga marubuci wannan agogo ne da aka riga aka ɗaura: wasu littattafan wannan rukuni suna farawa da alamar cewa ranar ta matso, ɗauri ya fara kwancewa ko an sace wani abu da ke riƙe da ita.

To ina yaro zai shiga? Tsohon labarin ma ya buɗe ƙofa. Tor da Loki, mai wayon cikin alloli, sun sauka gidan wani manomi mai 'ya'ya biyu, Tiyalfi da ƙanwarsa Roskwa. Tor ya yanka bunsurunsa biyu masu jan kekensa, aka dafa, ya ce kowa ya ci amma a jefa ƙasusuwa a kan fatun ba tare da an fasa ko ɗaya ba. Tiyalfi kwaɗayin ɓargo ya ɗebe shi, ya sa wuƙa ya tsaga ƙashin cinya. Da asuba Tor ya ɗaga guduma a kan fatun, bunsuran suka miƙe, amma ɗaya yana ɗingishi da ƙafar baya. Tor ya damƙe ƙotar guduma har gaɓɓan yatsunsa suka yi fari. Manomi ya ce a ɗauki duk abin da ya mallaka, Tor ya ɗauki yaran biyu su zama barorinsa. Ga sifar labarin kasada na yara cikakkiya: ƙaramin laifi irin wanda kowane yaro zai iya yi, bashi da dole a biya, rabuwa da gida, tafiya tare da manya masu haɗari.

Inda suka je ya fi koyar da sana'ar. A fadar Utgarda-Loki, wani sarkin ƙatti da ba shi ne Lokin ba, an kayar da su a kowace gasa. Loki ya yi gasar ci da wani mai suna Logi, wanda ya cinye nama da ƙashi da akushin. Tiyalfi ya yi tsere sau uku da Hugi bai kamo shi ba. Tor ya kasa shanye ƙahon giya a kurɓi uku, ya kasa ɗaga kyanwa sai ƙafa ɗaya, wata tsohuwa mai suna Elli kuma ta durƙusar da shi a kokawa. Washegari aka tona asiri: Logi wuta ce, Hugi tunani ne, ƙarshen ƙahon a cikin teku yake, kyanwar macijin duniya ce, Elli kuwa tsufa. Ƙarfi ba ya warware irin wannan, sai gane abin da ake fuskanta, kuma nan ne ɗan shekara 12 zai iya fin Tor amfani. Littafin da ya yi kyau a wannan rukuni yakan ƙare babban karo da wasa ƙwaƙwalwa ko gane suna, ba da sara ba.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. Na farko ɗaukar fina-finan Marvel a matsayin asali. A can Loki ɗan'uwan Tor ne na riƙo. A tsohuwar waƙa kuwa Odin ne ya haɗa jini da shi suka zama 'yan'uwa, Tor kuma mai jan gemu ne a labaran Aislan. Na biyu hular ƙarfe mai ƙaho da ake zana Baikin da ita. Wannan ta yaɗu ne daga kayan wasan opera da Carl Emil Doepler ya tsara a Jamus a 1876. Hular da aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ba ta da ƙaho. Na uku haruffan run, wato tsoffin baƙaƙen rubutunsu: masu zane suna son jerin nan mai harafi 24, alhali a zamanin Baikin mai 16 ake amfani da shi, kuma galibi don rubutun yau da kullum da duwatsun tunawa da mamata.

Kuskuren da ya fi lalata labari shi ne raba duniya gida biyu, alloli na kirki, ƙatti miyagu. Yotun, wato ƙattin, ba dukansu manya ko munana ba ne. Gerd kyakkyawa ce, Skadi ta auri allan teku Niyod, mahaifiyar Tor ma daga cikinsu take. Haka Loki. In an mai da shi shaiɗan tun shafin farko, an yi asarar mutumin da ya fi kowa daɗin karantawa. Wanda ya tashi da labaran Gizo zai gane shi nan take: shi ne zai jawo rigima, shi ne kuma zai samo mafita. Shi ya aske gashin Sif, matar Tor, kuma wurin biyan wannan ɓarna ce alloli suka samu gudumar. Sai a hankali ya yi baƙi, har ya kai ga kisan Baldur ɗan Odin, wanda mahaifiyarsa Frigg ta sa kowane abu ya rantse ba zai cutar da shi ba, ta tsallake kauci don ta ga ya yi ƙanƙanta. Loki ya sa kaucin a hannun makaho Hod ya nuna masa saiti.

Akwai kuma batun abin da ya dace da yaro. Asalin hukuncin Loki da hanjin ɗansa aka ɗaure shi, maciji na ɗiga masa dafi a fuska, matarsa Sigin na tarewa da kwano. Littattafan yara sukan mai da hanjin sarƙa su bar kwanon, wanda daidai ne, domin kwanon ne ke taɓa zuciya. Balhala ma tana da wahala: zauren Odin mai ƙofa 540 na waɗanda suka mutu a fagen fama ne, don haka sa yaro a ciki yana nufin yaron ya mutu. Hel kuma kada a fassara ta da Jahannama. Wuri ne mai sanyi da duhu inda waɗanda cuta ko tsufa ya kashe suke zuwa, har Baldur nagari can ya tafi.

Sunaye su ma tarko ne. Waƙar Voluspa ta cikin Edda ta jera sunayen wadanni da dama, daga can marubucin Ingila Tolkien ya ɗebo Gandalf da Thorin a littafinsa na 1937, amma yaro ɗan shekara tara ba zai riƙe baƙin sunaye ashirin a babi uku ba. Masu gwaninta sukan tsaya kan alloli uku ko huɗu da duniya biyu ko uku a littafi ɗaya, su ajiye saura don na gaba, su sa jerin yadda ake furta sunaye a ƙarshe.

Yadda ake rufewa ne ya rage. Wasu marubuta suna barin yaron ya jinkirta Ragnarok, ba ya soke ta, domin soke ta rushe ginshiƙin hikayar ne. Masu ƙarfin hali sukan bar ta ta auku, tunda asalin bai tsaya a wuta ba: ƙasa ta sake fitowa daga teku koriya shar, 'ya'yan Tor biyu, Modi da Magni, sun gaji guduma, Baldur ya dawo daga Hel, mutum biyu kuma, Lif da Liftrasir, sun fito daga dajin da suka ɓuya suna rayuwa da raɓar safiya. A cikin ciyawa aka tsinci 'ya'yan dara na zinariya waɗanda alloli suka yi wasa da su tun farkon zamani.