Rawar sitiyari lokacin taka birki

Rawar sitiyari lokacin taka birki matsala ce ta mota inda sitiyari ke karkarwa a hannun direba da zarar ya taka birki, ya lafa idan ya saki. An fi jin ta a gudu mai yawa, kuma sau da yawa fedar birki ma tana bugun tafin ƙafa. Tushen abin galibi faifan birki na gaba ne, wato zagayayyen ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda takalman birki ke matsewa don tsayar da mota, domin tayoyin gaba ne ke haɗe da sitiyari, kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayar da mota.

Tarihi

Matsalar tana tafe ne da birkin faifai. Injiniya ɗan Ingila Frederick Lanchester ya yi rajistar irin wannan birki a Birmingham a 1902, sai dai bai karɓu ba a lokacin, saboda jan ƙarfen da ke matse faifan yana ƙara mai tsanani kuma yana saurin cinyewa. Shekaru kusan hamsin motoci suka ci gaba da birkin ganga, wanda takalmansa ke buɗewa a cikin kwanon ƙarfe. Abin ya sauya a 1953, lokacin da Jaguar C-Type mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a tayoyin gaba, kuma wajen shekarun 1970 ya zama ruwan dare a ƙananan motoci.

Faifan na zubin ƙarfe ne, a buɗe yake iska na ratsa shi, shi ya sa ya fi ganga saurin hucewa. Amma yana da sharaɗi mai tsauri: dole fuskokinsa biyu su kasance a shafe, kaurinsa ɗaya a ko'ina. Bambancin da bai kai kaurin silin gashi ba ya isa direba ya ji shi a hannu.

Dalilai

Babban dalili shi ne rashin daidaiton kauri. Idan wani sashe na faifan ya ɗara wani, duk zagayen da taya ta yi sai takalman birki su matse su saki, wannan bugun ya bi ta tayarod, sandar da ke haɗa taya da sitiyari, ya isa hannun direba. Zafi na haddasa hakan. Direban da ya sauko doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos yana danne da birki, sannan ya tsaya cak ƙafarsa na kan feda, yakan bar wa faifan tabon takalmi a wuri guda. Tabon kan fito shuɗi-shuɗi ko baƙi, wani lokaci da zanen takalmin ɓaro-ɓaro.

Ɗauri ma na da nasa. Tsatsa ko ƙasa da ta maƙale tsakanin faifai da mazauninsa na sa ya zauna a karkace. Haka nan notocin taya da aka ɗaure barkatai, wani ya ƙulle tamau wani sako-sako. Faifan da ke juyawa a karkace yana gogar takalmi a gefe ɗaya ko ba a taka birki ba, bayan 'yan watanni sai kaurinsa ya bambanta. Wannan ne ya sa sabon faifai ke komawa gidan jiya idan ba a kankare mazaunin ba. Kalifa, wato maƙatar da ke matse takalma a kan faifai, idan ta cije saboda rashin giris, tana riƙe takalmi a jikin faifai har ya yi zafi fiye da kima. Tayarod, boljoin, bushin ko boris da suka yi laushi kuma suna ƙara wa rawar ƙarfi.

Saɓani

Makanikai da yawa na cewa faifan ne ya lanƙwashe. Injiniyoyin birki da dama kuwa na ganin bambancin kauri ne ya fi haddasa rawar.

Ganewa

Rawar da ake ji a gudu ba tare da taka birki ba, galibi ta balansin taya ce ko wili da ya lotse. Wadda ake ji a kujera ta fi alaƙa da birkin baya. Bugun feda a birkin gaggawa aikin ABS ne, na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa, ba lalacewa ba. A gareji ana ɗaga motar, a girgiza taya da hannu biyu don jin sako-sako, sannan a auna kaurin faifan a wurare da dama da maikuromita, a auna karkatarsa da agogon awo mai allura. Masana'antu da yawa na iyakance karkatar a wajen milimita 0.05.

Gyara

Kowane faifai na da mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikinsa. Idan da sauran nama, ana iya fere shi a inji. Idan babu, canji ya wajaba, domin siririn faifai ba ya jure zafi. Ana canja na hagu da na dama tare, da sababbin takalma. A kankare mazaunin har ya yi ƙyalli, a shafa wa sandunan kalifa giris, a ɗaure notoci a tsallake da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Daga nan a yi birki matsakaici sau da dama a hanya marar cunkoso, ba tare da tsayawa cak ba, don takalman su kwanta a kan faifan.