Horon malaman firamare bayan digiri na farko

Horon malaman firamare bayan digiri na farko karatu ne da ake shirya wa wanda ya riga ya gama jami'a, sau da yawa a fannin da bai shafi koyarwa ba, domin ya samu lasisin koyar da ƙananan yara. Tsarin ya yi ƙarfi a Amurka, inda firamare ke farawa daga ajin share fage zuwa aji biyar ko shida. A can digiri daban, lasisi daban. Jami'a ce ke ba da digiri, amma izinin shiga aji a makarantar gwamnati yana hannun jiha, kuma kowace jiha da nata sharuɗɗan. Malamin da ya ƙaura zuwa wata jiha yakan sake neman lasisi, wani lokaci har da sabuwar jarrabawa.

Da can ba a buƙatar zuwa jami'a kafin a zama malamin yara. Makarantar horar da malamai ta gwamnati ta farko a Amurka an buɗe ta ne a Lexington, jihar Massachusetts, a 1839. Sannu a hankali irin waɗannan makarantu suka zama kwalejoji, wasu kuma jami'o'i, har digiri na farko ya zama mafi ƙarancin abin da ake karɓa.

Da yawa daga cikin masu neman lasisi bayan digiri na farko kan yi digiri na biyu a fannin koyarwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wasu kan tsaya a kwas ɗin lasisi kawai. Akwai kuma masu fara koyarwa da lasisin wucin gadi suna karatu da yamma, kamar waɗanda ƙungiyar Teach For America ke ɗauka na tsawon shekara biyu. Ana yawan muhawara kan wannan hanya ta ƙarshe, domin sabon malami yana koyon sana'ar ne a kan yaran da aka damƙa masa.

Malamin firamare yakan riƙe aji ɗaya wuni guda, shi ne na karatu, shi ne na lissafi, shi ne na kimiyya da zamantakewa. Don haka manhajar ba ta tsaya ga sanin darasi ba. A 1986 masanin ilimi Lee Shulman ya bambanta sanin darasi da sanin yadda ake koyar da shi, kuma a kan wannan bambanci aka gina kwasa-kwasai da yawa. Misali, yaro ya ɗebe 38 daga 52 ya samu 26. Kowane baligi zai ga amsar ba daidai ba ce. Wanda aka horar kuwa zai gane cewa yaron yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane gida, 2 daga 8 sannan 3 daga 5, wato bai fahimci aro daga gidan gomomi ba tukuna. Maganinsa ƙullin tsinke goma-goma da zai kwance da hannunsa, ba jan biro da ƙarin aikin gida ba.

Koyar da karatu ya fi komai cin lokaci, kuma ya cancanci haka, tun da yaron da bai iya karatu ba sauran darussa ma sukan kuɓuce masa. Rahoton kwamitin ƙasa na Amurka kan karatu na shekarar 2000 ya ware ginshiƙai biyar: tantance sautukan da ke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimtar abin da aka karanta. Ban da wannan, ana nazarin yadda hankalin yaro ke girma, dabarun riƙe aji, auna fahimta, da kula da yara masu buƙata ta musamman ko waɗanda harshen gida ya bambanta da na makaranta.

Sai koyarwar gwaji, wadda galibi kan ɗauki zango guda a ƙarƙashin gogaggen malami. Ɗalibi kan fara da kallo, ya karɓi darasi ɗaya, daga bisani a bar masa ajin gaba ɗaya, malamin jami'a na zuwa duba shi. A al'ada ba a biyan albashi a wannan lokaci, abin da ke hana wasu masu iyali shiga. Jihohi da yawa na amfani da jarrabawar Praxis, wasu kuma suna neman edTPA, inda ɗalibi ke miƙa tsarin darasinsa da bidiyonsa yana koyarwa. Ana kuma ɗaukar hoton yatsu a binciki ko yana da tarihin laifi. Lasisin farko na ɗan lokaci ne. A New York, alal misali, sai malami ya samu digiri na biyu da gogewar aiki kafin a ba shi lasisin ƙwararru.

A Ingila, kwas ɗin horon malamai bayan digiri, wanda ake kira PGCE, shekara ɗaya ne, kuma kusan kwana 120 daga ciki a makarantu ake yin su. Finland kuwa tun ƙarshen shekarun 1970 ta wajabta digiri na biyu ga malamin firamare, kuma masu neman gurbin karatun sun ninka guraben da ake da su sau da yawa.