Mamayar Soja

Mamayar soja ita ce kutsawar rundunar wata ƙasa cikin iyakokin wata da ƙarfin makami, domin ƙwace yanki, ko tumɓuke gwamnati, ko tilasta wa masu mulki abin da ba su so. Ta sha bamban da juyin mulki, wanda sojojin gida ke yi, da kuma aikin wanzar da zaman lafiya, wanda ake shiga da yardar masu gida. Masana tarihi da na shari'a sun fi tsayawa a kan abu biyu game da ita: ko tana kai wa ga biyan buƙata, da kuma yaushe take halasta.

Abin da Zazzau ta gani

Mutanen Zariya ba labari suka ji ba. A farkon ƙarni na 20 Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi ƙasar Zazzau da hare-hare, har Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau ya nemi taimakon Turawan Ingila. Suka zo a 1902, suka kama Nagwamatse, suka kafa bariki, aka ajiye Kyaftin Abadie a matsayin Razdan. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon sai da ya shekara 58. Ba a jima ba suka tuɓe Kwasau ɗin da ya gayyato su, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Aliyu Ɗan Sidi da suka naɗa a 1903, shi ma daga baya can suka kai shi.

Daga Zariya ne Kanar Morland ya tashi a ƙarshen Janairun 1903 da sojojin da ba su kai dubu ba, akasarinsu baƙaƙen fata, cikinsu har da Hausawa. Igwa da bindiga mai ruwa suka yi aiki a kan ganuwa da dawaki. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli. Hujjar da Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya bayar ita ce hana cinikin bayi da kawo tsaro. Abin da bai cika faɗa ba shi ne tseren da Ingila ke yi da Faransa da Jamus wajen rabon ƙasa.

Ta fuskar soja, wannan mamaya ta ci nasara, kuma dalilin ba makami kaɗai ba ne. Turawa ba su rushe sarauta ba. Sun bar sarki a fada, alƙali a kotu, hakimi da dagaci suna tara haraji da jangali, su kuma suka zauna a sama. Talaka ya wayi gari ya ga fuskokin da ya saba gani. Duk da haka sai da aka zubar da jini mai yawa a tawayen Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906.

Cin gari da riƙe gari

Shekara ɗari cif bayan faɗuwar Kano, Amurka da Ingila suka afka wa Iraƙi a watan Maris na 2003. Cikin mako uku Bagadaza ta faɗi. Sai kantoman da Amurka ta naɗa, Paul Bremer, ya rusa rundunar sojan ƙasar baki ɗaya, ya kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as daga aikin gwamnati. Dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya harbi suka koma gida ba albashi. Yaƙin sunƙuru ya biyo baya, sai rikicin Sunni da Shi'a, har zuwa 2014 da mayaƙan IS suka ƙwace Mosul. Makaman ƙare dangin da aka fake da su kuwa, ba a taɓa gano su ba.

Afganistan ta zame wa manyan ƙasashe biyu shigo-shigo ba zurfi. Tarayyar Sobiyet ta shiga a Disamban 1979, ta fice a Fabrairun 1989. Amurka ta shiga a 2001, ta shekara 20, Taliban ɗin da ta kora suka dawo Kabul ranar 15 ga Agustan 2021 tun kafin jirginta na ƙarshe ya tashi.

Inda aka ga biyan buƙata, galibi buƙatar ƙarama ce kuma sananniya. Ƙawancen da ya fitar da Iraƙi daga Kuwaiti a 1991 ya tsaya da aikin ya ƙare, bai nufi Bagadaza ba. Dakarun ECOMOG na ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), waɗanda Najeriya ta ɗauki mafi yawan nauyinsu, sun mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998. A Gambiya a 2017, shigar sojojin ECOWAS ta sa Yahya Jammeh ya bar ƙasar ba tare da an gwabza ba. A duka ukun akwai halastacciyar gwamnatin da za a damƙa wa ƙasa. Tanzaniya ta kori Idi Amin a 1979 bayan ya far wa yankinta na Kagera, 'yan Yuganda da yawa suka yi murna, amma ƙasar ba ta natsu ba sai bayan wasu shekaru na yaƙin basasa.

Halasci

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945, a sashe na 2(4), ta haramta amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa. Ƙofa biyu ta bari: kare kai idan an kawo hari, a sashe na 51, da izinin Kwamitin Sulhu ƙarƙashin babi na 7. Yaƙin Kuwaiti ya samu wannan izini a ƙuduri mai lamba 678. Na 2003 bai samu ba, kuma Kofi Annan ya fito fili a 2004 ya ce ya saɓa wa yarjejeniyar. Matsalar ita ce ƙasashe biyar masu kujerar na-ƙi suna iya kare kansu daga hukunci, kamar yadda Rasha ta yi bayan ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022.

Malaman fiƙihu da ke karantarwa a zaurukan birnin Zariya sukan kafa hujja da ayar Baƙara ta 190, wadda ta ba da izinin yaƙar masu yaƙar Musulmi tare da hana ƙetare iyaka. Malaman Kirista irin su Augustine da Aquinas sun gindaya dalili na gaskiya, da hukuma halastacciya, da kyakkyawar niyya.

Wuri mafi sarƙaƙiya shi ne idan gwamnati ce ke kashe mutanenta. An yanka kusan mutum 800,000 a Ruwanda a 1994 duniya na kallo. Wannan ya sa Tarayyar Afirka ta ba kanta ikon shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da alhakin kare farar hula a 2005. An gwada shi a Libiya a 2011 da ƙuduri mai lamba 1973. Izinin kare farar hula aka bayar, aka ƙare da kashe Gaddafi, makaman rumbunansa suka malalo cikin Sahel, arewacin Mali ya fara kamawa a 2012.

Da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba su mako guda, ta yi barazanar kai yaƙi. Jihohi bakwai na Arewacin Najeriya ke da iyaka da Nijar, ga auratayya, ga kasuwa, ga almajirai da ɗaliban Nijar da ba a rasa su a Zariya. Daga nan kuma, daga Depot da ke barikin Chindit, ake yaye kuratan da za a tura. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, tawagar malamai ta tafi Yamai neman sulhu. Ba a kai harin ba, ba a kuma mayar da Bazoum ba. Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025.