Ciwon shawara bayan cire matsarmama

A Damagaram an daɗe ana cewa wanda aka cire wa matsarmama ya rabu da tsakuwa har abada, idan idonsa ya yi rawaya shawara ce kawai, sai jiƙo.

Amma ba haka ba ne. Hanta ce ke yin ruwan ɗaci, matsarmama ajiya kawai take yi. Tsakuwa kan maƙale a bututun da ke kai ruwan zuwa hanji, ko bututun ya tsuke, ko da bayan shekaru. Sai ruwan ya koma cikin jini, ido ya yi rawaya.

Ku duba farin ido da hasken rana. Fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ga ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama? A je asibiti, a auna jini, a ɗauki hoton ciki. In akwai zazzaɓi da rawar sanyi, kada a kwana.

Don Allah ku isar wa 'yan uwa.